Damin Iri a Motar Kano

A tashar Daura, motar Kano na jiran cika. Wata tsohuwa ta leƙa wayar saurayin da ke gefenta.

"Ɗan nan, farin abin da ke zubo musu, audugar rimi ce?"

"Toka ce, Inna. Fim ne. An jefa bam ɗin nukiliya a birni, iska ta kawo tokar ƙauyensu."

"Ikon Allah. Ji yadda take sauka a hankali, kamar ba kisa ta zo yi ba. Ina mutanen?"

"Ga su can suna loda motoci, gudu za su yi."

"Ga shanya a igiya ba mai kwashewa. Me wancan ya rungumo?"

"Bindiga da abincin gwangwani."

"Ba wanda ya ɗauki iri?"

"Wane iri, Inna? Ƙasar ma ta mutu."

"Ƙasa ba ta mutuwa, barci take yi. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ko shekarar da muka ci dusa bai bari an taɓa damin iri ba."

"Amin. Shi ne zangarniyar da ke leƙowa daga jakarki?"

"Shi ne. Ɗana Kalilu ya sayar da gonarmu ta Sandamu, ya ce in koma wurinsa. Wai har tsakar gidan siminti ne."

"To a ina za ki shuka?"

"Oho. Kai dai matso da wayar, in ga ko wani zai dawo ya kwashe shanyar nan."