Rigar da ta cinye gonar ubana

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da ke wannan zaure. Da sunan Allah na miƙe, domin in faɗi abin da Allah ya fisshe ni daga cikinsa. Zan bi shi daki-daki.

Ubana ya bar mini gona a Morai, da ƙa'ida ɗaya: kowace kaka a ba Ardo Buba dami biyar, shanunsa su yi rani a gonar, su bar taki.

Maƙwabcina Ɗan-Ige ya fi ni hali. In ya shigo kasuwar Mafara ran Talata cikin rigarsa koriya, har mahauta kan miƙe su gaishe shi. Ni ko kallo ba na samu. Abin ya zauna mini a rai.

Shekarar farko na sallami Ardo, na sayar da damin, na sayi riga. Shekara ta biyu na ƙara rawani. Gero ya fito gajere, na ɗora wa ruwa laifi. Shekara ta uku ƙuduji, wato wuta-wuta, ya rufe gonar, rumbu ya ƙare tun kafin shuka.

Matata Hajo ta aje tukunya wofi a gabana, ta ce, "Maigida, a yanko mini hannun rigar, ko zai yi tuwo."

Na tafi gona, na yi azahar a gindin gawo, na ce ya Allah na gaji, ka ɗauke idona daga kan mutane. Ina sallamewa na hango Ɗan-Ige a gonarsa cikin tsohon warki, yana sauke mangalar taki daga jaki da kansa. Shekara uku ina kallon rigarsa, ban taɓa duba gonarsa ba. Subhanallahi!

Na ninke rigar na kai wa Ardo, na roƙe shi ya dawo da shanunsa gonar. Ya yi dariya, ya ce shanunsa ba su manta hanya ba, amma ƙasa ba ta yafiya da wuri. Gaskiya ya faɗa. Bana damina ta huɗu ke nan da dawowar shanun, gonar ba ta gama dawowa ba, bayana kuma ya gaji. Amma yarana suna kwana da tuwo a ciki.

Alhamdu lillahi. Ku dogara ga Allah, kowa ya dubi kunyar gonar da ke gabansa. Mai son ganin rigar kuwa, tana can bayan gari, Ardo na kiwo da ita.