Abin da Na Rubuta da Ajami a Kan Istifanus

Iyayena, dattawan ikkilisiya, mata masu zumunta, matasa 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda babu abin da ke ɓoye gare shi. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Yohanna. Fasto ya ba ni minti goma, amma ya san halina, shi ya sa na ga ya sa agogonsa a aljihu. Ku yi haƙuri da ni. Ni ba daga ciwo Ubangiji ya cece ni ba, ba kuma daga giya ba. Daga ƙiyayya ce. Na ƙi mutumin da muke durƙusawa tare a wurin Jibin Ubangiji, har na yi niyyar lalata masa rayuwa.

Sai na fara da kakana, Baba Dauda. A unguwar Ƙofar Dumi ya tashi, ya yi karatun allo yana ƙarami, daga baya ya karɓi Almasihu. Har ya rasu bai iya boko ba. Addu'o'insa da waƙoƙin sujada duk da ajami yake rubuta su. A cikin jikokinsa ni kaɗai na zauna ya koya mini. Ranar da hannuna ya faɗa, ya duba rubutuna ya ce, "Yohanna, domin addu'a na ba ka wannan." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Bayan na gama jami'a da bautar ƙasa, na yi shekara biyu ina yawo da takardu a cikin leda. Sai wani babban banki ya yi talla cewa zai ɗauki sababbin masu digiri ya horar da su wata biyar, su zama shugabannin gobe a sashen da ke hulɗa da manyan kamfanoni da harkar zuba jari. Muka yi jarrabawa a kwamfuta, muka yi ganawa har sau uku. Daga wannan ikkilisiya mutum biyu aka ɗauka: ni da Istifanus, ɗan wani soja daga barikin Shadawanka. A nan gaban bagadi kuka ɗora mana hannu, mu biyu. Wasunku sun yi guɗa.

A wani tsohon gida a GRA ake horon, gida mai itatuwan mangwaro da dogon baranda. Kullum cikin kwat da ɗaurin wuya, ko da rana za ta narka mutum. Ana koya mana yadda ake gane kamfani mai lafiya da mai ciwo, yadda ake ba shi shawara idan yana neman jari ko zai sayar da hannun jari, da yadda ake zama gaban manya ba tare da murya ta yi rawa ba. Karatun yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma hanyar da ake bi da mu, 'yan'uwa, har yau idan na tuna raina yakan ɓaci.

Shugabar horon wata mata ce daga Legas, Madam kawai muke ce mata. Kowace Juma'a takan liƙa sunayenmu a bango, daga na sama zuwa na ƙasa. A ƙarshen wata, waɗanda ke ƙasa sai a karɓe musu katin shiga, a fitar da kujerunsu a kife a baranda. Da safe sai ka bi ta gefen kujerar wanda kuka ci abinci tare jiya kafin ka shiga aji. Shugabanci suka ce suna koya mana. Abin da na koya shi ne in riƙa ƙirga kujeru.

A makon farko Madam ta ce kowa ya tashi ya faɗi aibin wanda ke kusa da shi. Istifanus ne a kusa da ni. Ya tashi da wannan Turancin nasa na bariki mai gudu, yana murmushi, ya ce, "Yohanna mutumin kirki ne, Madam. Amma kafin ya gama gaida kwastoma, ya tambayi gida da yara da gajiya da sanyi, an rufe banki."

Aji ya fashe da dariya. Madam ma ta yi. Daga ranar sunana ya koma Baba Sannu.

Da muka fito na ce, "Istifanus, haka za mu yi da kai?"

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba, mutumina, wasa ne. Ai dole in faɗi wani abu. Ka fi so in ce kana minshari a aji?"

Na yi dariya. A wannan dariyar Shaiɗan ya samu ƙofa.

Na sayi ƙaramin littafi mai baƙin bango. Kowa a ajin yana rubutu da Turanci, ni kuwa sai in buɗe nawa in fara daga dama zuwa hagu. Na tabbata babu mai iya karantawa a gidan nan. Wasu suna tsammani addu'a nake yi. Har Istifanus ya taɓa leƙowa ya ce, "Baba Sannu, ka sa ni a ciki." Na ce, "Kana ciki."

Yana ciki kuwa! Ranar da ya makara minti biyar, na rubuta. Ranar da ya ɗauki shawarata ya faɗa wa Madam kamar tasa, na rubuta. Na rubuta warin turarensa, na rubuta takalminsa da ya aro daga wurin wansa. Na zage shi da kalmomin da ban taɓa furtawa da bakina ba. Ran Lahadi kuma sai mu zauna benci ɗaya muna rera waƙa. Shi kullum sunansa na sama a bango, nawa yana lilo a tsakiya. Duk Juma'ar da na ga haka sai in koma gida in kasa cin tuwo.

A wata na biyar aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni zai ziyarci kamfani ya kawo rahoto. Mu aka ba mu wani Alhaji mai masana'antar gyaran shinkafa a bayan gari, wanda ke son faɗaɗa aikinsa. Istifanus ne shugaban rukuninmu, amma ni ke magana da Alhajin a waya, domin doguwar gaisuwar nan da aka yi mini dariya a kanta ita ce Alhaji yake so. An sa ranar Alhamis. Ran Talata Alhajin ya kira ni ya ce tafiya ta taso masa, mu zo gobe Laraba da safe.

Na san Istifanus ya nemi izinin safiyar Laraba zai kai mahaifiyarsa asibiti. Na gaya wa kowa a rukunin, na gaya wa Madam. Na ce musu ni zan gaya wa Istifanus. Ban gaya masa ba.

Muka je babu shugaba. Da ya iso da rana, Madam ta tsayar da shi gaban aji ta ce shugaban da ya bar mutanensa suka je gaban kwastoma su kaɗai ba shi da wuri a bankinta. Ya juyo ya dube ni.

"Yohanna, yaushe ka gaya mini?"

Na ce, "Jiya, a bakin get. Kana sauri, wataƙila ba ka ji ba."

'Yan'uwa, ban ko ƙifta ido ba. Ran Juma'a sunansa ya faɗo ƙasa, nawa ya hau. Saura ganawar ƙarshe ran Litinin, inda manya daga hedkwata za su tambayi kowa game da abokan rukuninsa, sannan a kife kujerun ƙarshe. Na zauna a motar banki da ke mayar da mu gida, muna dawowa gari, na rubuta duk abin da na yi da hannuna mai kyau, ina jin daɗi. Har na tsara abin da zan faɗa ran Litinin domin in ƙarasa shi.

A motar na manta littafin.

Direban motar, Malam Buba, dattijon Bafillace ne da ya daɗe da zama a gari, mutum marar yawan magana. Ran Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofar gidanmu a kan babur. Muka gaisa sosai, shi ma ba mai gaggawa ba ne. Sannan ya ciro littafin daga aljihu.

Ya ce, "Na buɗe ne in ga sunan mai shi. Da na ga ajami sai na yi murna, na ce ashe akwai mai addu'a a cikin yaran nan."

Nan na gane ya karanta shi.

Ya ce, "Wa ya koya maka?"

Na ce, "Kakana ne, Baba."

"Yana raye?"

"Ya rasu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ya ba ka hannu mai kyau. Ni da na yi shekaru a gaban malam ban kai ka ba." Ya miƙo mini littafin. "Kada ka ji tsoro, ɗana, ni tuƙi aka ɗauke ni. Ba zan gaya wa kowa ba. Amma yaron nan, jiya da na sauke shi a bakin bariki, ya daɗe a tsaye bai shiga ba."

Ya tada babur ya tafi.

Na zo nan majami'a da tsakar rana, babu kowa. Na durƙusa a wancan bencin na uku. Kun san addu'ar da na fara yi? Na ce, "Ya Ubangiji, ka rufe bakin Malam Buba." Haka na roƙa! Sai na ji kunya ta rufe ni, domin mutumin ya riga ya ce ba zai faɗa ba. Ba bakinsa ne matsalar ba. Na buɗe littafin a kan benci, na ga haruffan nan irin na Baba Dauda sak, yadda yake jan wutsiyarsu, ɗauke da zagi da mugunta. Na ji muryarsa kamar yana bayana: domin addu'a na ba ka wannan.

Na yi kuka kamar za a cire mini haƙarƙari. Na ce, "Yesu, ban iya daina ƙinsa ba. Na gwada a yanzu, ban iya ba. In ba kai ka cire ba, zan mutu da ita." Ban ga haske ba, ban ji tsawa ba. Amma da na tashi, wannan dutsen da na yi wata biyar ina ɗauke da shi a ƙirji babu shi. Na kuma san abin da zan faɗa ran Litinin. Halleluya!

Ran Litinin manya uku suna zaune, Madam a gefe. Ɗayansu ya ce in ba su ra'ayina game da shugaban rukuninmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gaya masa an sauya ranar ba. Da gangan na yi, kuma na yi ƙarya a gaban aji."

Madam ta cire tabarau ta ce, "Ka san abin da kake yi kuwa?"

Na ce, "Na sani, Madam."

Ta ce, "Ajiye katinka."

Ba a yi mini tafi ba. Kafin in kai get, na waiwaya na ga kujerata a kife a baranda. Na taka da ƙafa daga GRA har gida, cikin kwat, rana tana dukana. Babata ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Shi Istifanus aka mayar masa da makinsa, aka tura shi hedkwata.

Kada ku yi tsammani ya rungume ni. Ana gobe zai tafi ya zo gidanmu da la'asar, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa.

Ya ce, "Ina littafin nan da kake rubutu? Wanda ka ce ina ciki."

Na kawo. Ya jujjuya shi, bai ma san ta ina ake farawa ba. Ya jefo mini.

"Karanta mini. Duka."

Na ce, "Ɗan'uwa, ka yi wa Allah, bari in ƙone shi."

Ya ce, "Kada ka ce mini ɗan'uwa. Wata biyar kana zagina a gabana ina cewa ka sa ni a addu'a. Yau sai na ji da kunnena. Kuma a hankali, Baba Sannu, ai kai ba ka sauri."

Na karanta. Kowane shafi, da bakina, a tsakar gidanmu, babata tana ji daga ɗaki. Inda na yi ƙasa da murya sai ya ce, "Ban ji ba, sake." Da na kai wurin takalmin aro ya ce, "Wannan gaskiya ne, ci gaba." Da na kai ranar Laraba, inda na rubuta cewa uwarsa ta zaɓi ranar ciwo mai kyau, sai ya ɗaga hannu. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Har da mamana, Yohanna?" Ya juya ya fita, bai yi sallama ba.

Wannan karatun ya fi korar da aka yi mini zafi. Amma na gode wa Allah da ya sa ni na yi shi, domin daga ranar babu sauran abin da nake ɓoyewa.

Shekara huɗu bai ɗauki wayata ba. Ni kuwa na samu koyarwa a wata sakandare, inda babu mai hana ni gaida mutane. Ba na zargin bankin da zunubina. Sun sami abin a cikina ne, suka yi masa ban ruwa kowace Juma'a. Amma ku matasa da ke cike takardun irin wannan horo, ku je, ku yi karatu, ku ci. In kun ga kun fara jin daɗi idan an kife kujerar wani, ku gudu wurin Yesu a ranar, kada ku jira gobe.

Watan jiya mahaifiyar Istifanus ta rasu, yawancinku kun je jana'iza a Shadawanka. Na je na tsaya can baya. Ana watsewa ya ratso mutane ya zo wurina. Ya ce, "Har yanzu kana wannan rubutun?" Na ce ina yi. Ya ce, "To ka sa ni a ciki. Amma wannan karon zan zo ka karanta mini."

Ga sabon littafin a hannuna, addu'a ce kaɗai a ciki. Sunansa ne a shafin farko, kuma jiya na karanta masa.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu da ya cire abin da na kasa cirewa. Duk wanda ke da irin littafina, a takarda ko a zuciya, ya kawo shi yau, Ubangiji ya riga ya karanta nawa, bai kuma kore ni ba. Ku dogara gare shi. Ku yabi Ubangiji! Amin.