Kek a Bayan Coci

Despina: Alo? Marika, rage rediyon nan! Alo, wa ke magana?

Lefteris: Mama, ni ne, Lefteris.

Despina: Wane Lefteris? Ina da ɗa mai wannan suna, amma an ce teku ta tafi da shi.

Lefteris: Haba Mama. Barka da ranar sunanki. Allah ya ƙara shekaru masu yawa, Budurwa Maryamu ta tsare mana ke.

Despina: Amin, ɗana, amin. Kana lafiya? Kana cin abinci?

Lefteris: Lafiya lau. Ya ƙafar?

Despina: Tana nan yadda ka bar ta. Da ita na je coci da sassafe, da ita na tsaya a kan rago. Sati biyu muna azumin nama, yau an buɗe baki, gida ya cika har baranda.

Lefteris: Ya ƙanwata Marika? Ki ce ina mata barka, ita ma ranarta ce.

Despina: Ai ka kira ta ɗazu, ina tsaye kusa da ita. Na ɗauka za ka ce a ba ni, sai na ji ƙit.

Lefteris: Na bar ki ƙarshe ne don mu yi hira a natse.

Despina: Me? Ka bar ni a ina?

Lefteris: A ƙarshe! Iska ce, Mama, tana neman ture ni.

Despina: To shiga ɗaki mana. Ina kake tsaye?

Lefteris: A kan tudu, bayan coci.

Despina: Ikon Allah. Yaron da sai na ja kunnensa yake shiga coci. Tsibirin Anafi ya shiryar da kai?

Lefteris: Ba ciki nake ba, a baya nake. Nan ne ba mai ganina.

Despina: Wa kake gudu?

Lefteris: Ba gudu ba ne... Kin san yau ranar haihuwar Ismini.

Despina: Yau na fara sani? Tun da ka auro ta take hura kyandir ɗinta a kicin ɗina, tsakanin tukwane, in ma an tuna an saya.

Lefteris: To shi ne ai. Kowace shekara ranar bikin Budurwa Maryamu sai ta haɗiye tata. Ke Despina, ga Marika, ga Kawu Panos, ga Goggo Panayota, kowa sunan Budurwa ya ci, ranar sunansa ce, ita kuwa tana wanke kwanonin baƙi. Kin ji abin da ta ce bara.

Despina: Unguwa duka ta ji. In bana aka maimaita, za ta koma Volos gidan ubanta, kuma ba ziyara ba.

Lefteris: Shi ya sa na kawo ta nan. Ba dangi, ba baƙi, daga ni sai ita. Jiya na yi mata alkawari yau ko taɓa waya ba zan yi ba. Ita da hannunta ta sa ta a durowa.

Despina: To da me kake magana da ni, da takalmi?

Lefteris: Na ɗauko tana wanka. Na ce zan je karɓo kek wurin mai burodi.

Despina: Ka karɓo?

Lefteris: Ga shi a hannuna. Na cakulan ne, har da sunanta a kai. Sai na ce bari in yi wa Kawu Panos barka, shi kaɗai, ya tsufa, zai ji ciwo. To in na kira shi ban kira Goggo ba, kin san abin da zai biyo baya. Sai na tuna matar maigidana Mariya ce. Sai Takis da ya tsaya mana a ɗaurin aure...

Despina: Sai mai gyaran motarka.

Lefteris: Wa ya gaya miki?

Despina: Matarsa na nan tana cin kayan zaƙina, baklawa. Ta ce irinka a zumunci sai an tona. Tun safe duk wanda ya shigo da yabonka yake shigowa. Tun yaushe ka fito?

Lefteris: Ban daɗe ba.

Despina: Lefteri.

Lefteris: To, rana ta ɗan ɗaga. Amma tana can tana kwalliya, kin san ta. Na kama mana tebur a bakin ruwa, na yi magana da mai goge zai zo ya yi mata waƙa. Komai na tsara shi, Mama, komai.

Despina: Madalla da tsari. Meye wannan kuma, saniya?

Lefteris: Jirgi ne ke busa ƙaho. Yana shirin tashi, ina hangensa daga nan. In ya tafi kuma ba wani sai Alhamis. Da gangan na zaɓi wurin, don ko kin ce kin faɗi a banɗaki ba ni da hanyar dawowa.

Despina: Sau ɗaya na taɓa yin wannan, kuma da gaske na zame.

Lefteris: Na sani, wasa nake.

Despina: Bari in tambaye ka. Da ka tashi da safe, me ka ce mata?

Lefteris: Wa?

Despina: Ni. Matarka mana!

Lefteris: Na ce... na tambaye ta ko ta ga tabarauna.

Despina: Sai kuma?

Lefteris: Barkar ai da kek zan haɗa ta. Ba a yin abu rabi-rabi.

Despina: Wato ba ka yi mata ba.

Lefteris: Tukuna.

Despina: Ni na yi.

Lefteris: Ke? Kin kira Ismini?

Despina: Da na dawo daga coci. Me kake mamaki? Kujerarta na gani ba kowa, kwanoni suka taru ba mai taɓawa, sai na tuna ashe mutum ce ke wanke su. Na ce, 'yata, Allah ya ƙara shekaru. Ta ce amin. Can ta ce ni ce ta farko.

Lefteris: Mama, me ya sa ba ki faɗa tun ɗazu ba?

Despina: Kana ba ni labarin mai goge, in katse ka? Na ce ina maigidan, ta ce ka je karɓo kek. Da daɗinta ta faɗa, har da dariya. Na ji tausayinta, tsakani da Allah.

Lefteris: To ai ba ta san na ɗauki wayar ba. Yanzu zan sauka in ce layi na tarar.

Despina: Me? Iska ta ɗauke ka.

Lefteris: Na ce ba ta sani ba!

Despina: Goggonka Panayota fa?

Lefteris: Me ta yi?

Despina: Kana ajiyewa ta kira Ismini ta taya ta murnar samun miji. Wai kai ne ka fara gaishe ta, kun yi doguwar hira, har ciwon bayanta ka tambaya. Yanzu ta gama ba mu labari a falo.

Lefteris: Wayyo Maryamu. Ta yi mata barka dai ko?

Despina: Barkar me? Panayota ta san ranar haihuwar wani?

Lefteris: Mama, bari in tafi. Kek ɗin ma ya fara ɗiga a wandona.

Despina: Tsaya. Mene ne, Marika? Ba na gani ba tabarau, karanta mini. A'a, da ƙarfi... Wace tashar jirgi? Wayyo.

Lefteris: Me ya faru?

Despina: Ka ce kana hangen jirgin?

Lefteris: E, ya bar gaɓa, yana juyawa.

Despina: Wane kaya Ismini ta sa yau?

Lefteris: Ban... ina jin rawayar rigar da na saya mata.

Despina: Duba bayan jirgin da kyau.

Lefteris: Mutane ne cunkus. Akwai wata... Mama, mata nawa ne ke da rawayar riga a duniya!

Despina: Da yawa. Amma ɗaya ce ta turo wa ƙanwarka saƙo ta zo tashar jirgin ruwa ta Piraeus ta ɗauke ta.

Lefteris: Ba zai yiwu ba. Tebur fa? Mai goge fa?

Despina: Ka zauna ya yi maka. Ka ɗaga mata kek ɗin ko za ta hango sunanta.

Lefteris: Ya narke. Wannan ba abin dariya ba ne, Mama!

Despina: Wa ya ce dariya nake? Ta ce a kai ta tashar mota, Volos za ta wuce.

Lefteris: Kar ki bari! Don Allah, Mama, ki riƙe mini ita zuwa Alhamis.

Despina: Tunkiya ce da zan ɗaure? Abin da zan iya, zan sa Marika ta biyo da ita ta nan. Marika! Ruga wurin Stelyos mai burodi kafin ya rufe, kek mafi girma, a rubuta Ismini. A'a, ba Despina ba, ke ma kin zama yayanki? Kuma kowa ya ji, ba mai tafiya gida sai ta iso. Panos zai wanke kwanoni.

Lefteris: A gidanki za a yi mata?

Despina: A kujerarka za ta zauna, tunda ka bar ta fanko. In ta ci ta ce Volos, ni zan raka ta mota da wannan ƙafar.

Lefteris: To ki ce mata... ki ce ina mata barka, Allah ya ƙara...

Despina: A'a. Wannan ba a aike da shi. Ka iya kiran mai gyaran mota, kira matarka.

Lefteris: Wayar ta yi ja, Mama. Cajin ya ƙare.

Despina: To me kake yi a kunnena har yanzu? Ajiye ka kira ta!

Lefteris: To, to, ki gaishe da Kawu Pa...

Despina: Lefteri? Alo? Alo!