Wanda Na'ura Ta Auna

A bencin asibiti a Wudil, lokacin jinyar maigidana, Allah ya jiƙansa, na ji wani dattijo yana gaida wata mata.

"Baiwar Allah, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Wai yau za a sallami maigidan, alhali ko kunu ba ya iya sha."

"Me likita ya gani?"

"Na'urar saman gado, mai auna numfashi ba tare da ta taɓa mutum ba, ta ce lafiyarsa lau."

"Ai ba ta ƙarya."

"Ba ta yi ba. Babana ya zo dubiya daga Kausani, maigidan ya sauka tabarma ya bar masa gadon. Minsharin babana ta auna."

"To ki gaya wa likita."

"Da wane baki zan tona asirin ubana? Baba, ko za ka ce wa likitan kai ka gani?"