Dokar Ekow a Wasan Wasu

Fiifi: Yaya Ekow... Yaya, sun ɗauke mana shi.

Araba: Fiifi, ni ce, Araba. Wayarsa tana hannuna tun ranar da muka binne shi, ka manta?

Fiifi: Ban manta ba, Yaya Araba, yatsana ne ya saba. Ina wuni?

Araba: Lafiya lau, ƙanena. Ya Accra? Ya ƙarin haƙuri?

Fiifi: Da godiya. Ya tsohuwarmu Maame, tana cin abinci?

Araba: Rabin tuwon dokunu, shi ma sai da faɗa. Me aka ɗauke?

Fiifi: Wasanmu na waya, darar oware da muka shekara biyu muna haɗawa ni da shi.

Araba: Wayar aka sace? Ɗaga murya, layin na yankewa!

Fiifi: Wasan na ce! Wani kamfani ya fitar da nasa jiya, har da dokar Yaya a ciki: in ka cinye ramin abokin wasanka, ka mayar masa da ƙwaya ɗaya.

Araba: Kai! Wadda ya ƙirƙiro don ka daina kuka in ya cinye ka, sarkin hawaye?

Fiifi: Ita fa.

Araba: To ka kai su ƙara mana!

Fiifi: Na je wurin lauya. Ta ce zane da suna da kiɗa suna da masu su, amma dokar wasa ba ta kowa ba ce. Wai mu wa muka roƙa kafin mu ɗauki oware?

Araba: Oware na kakanni ne! Wannan kuwa a gabana ya yi ta, a ƙofar gida, kuna haƙa ramuka a ƙasa.

Fiifi: Na faɗa mata. Ruwa ta miƙo mini.

Araba: Ko sunansa sun sa?

Fiifi: Sunaye goma sha ɗaya ne. Sau uku na karanta su, babu nasa.

Araba: To a ina suka gan ta? Ai ba ku fitar ba tukuna... Alo? Kana ji?

Fiifi: Ina ji. Ni na kai musu, lokacin Yaya yana asibiti. Ya ce in jira ya tashi mu je tare, ni kuma na so in shigo masa da labari mai daɗi. Suka buga, suka yaba, suka ce za su kira.

Araba: Wayyo. Ya sani?

Fiifi: Ya tambaye ni ina na je, na ce aski. Ya shafa kaina, ya daɗe yana shafawa, ya ce wanzamin nan ya cuce ni.

Araba: Fiifi...

Fiifi: Ban faɗa wa kowa ba, sai ke yanzu. Don Allah kar Maame ta—

Araba: Alo? Fiifi? Alo!