Zaren Damben Babana

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Ni direba ne a unguwar Suwaidi, nan Riyadh. Injiniyan da nake tuƙawa ɗan Ireland ne. Kullum sai ya jero mini 'yan damben ƙasarsu da suka ci kambun duniya, tun zamanin kakanninsa, har da hotuna. Rannan ya ce in nuna masa namu.

Wallahi babana ya yi dambe har ƙarfinsa ya ƙare, ko hotonsa ba mu da shi. Ya rasu ina nan. Na roƙi ƙanena ya ajiye mini zaren da yake naɗe hannu, ya ce ai an ɗaure akuya da shi.

Jama'a, me zan nuna wa 'ya'yana?