Abin da Na Faɗa wa Malam Iliya a Kan Gadar Hanoi

Kuɗin guzurin da kamfani ya ba ni ko takalmin kirki bai saya mini ba. Ku kuna jin an ce Sabi'u ya je Biyetnam, sai ku ɗauka daɗi na je sha. Aikin injin silifa aka tura ni koyo, wata uku a Hanoi, daga kamfaninmu na Sharada.

Abincinsu kuwa, taliya ce ke iyo cikin ruwa, suna ce mata "fa". Na ce fa me? Garin kwakina ne ya cece ni. Matar da na sauka a gidanta kullum faɗa, wai tukunya dabam nake nema. Na ce eh, taki ta sha alade.

Wata Lahadi manajanmu na Sharada, wanda ya zo duba injin, shi da tafintansa suka kai ni wata tsohuwar gadar ƙarfe ta zamanin Faransawa. Duk ta yi tsatsa, jirgin ƙasa a tsakiya, babura gefe da gefe, ƙasa gonakin ayaba. Tafinta ya nuna mini allon da ke ɗauke da sunan kamfanin Turawan. Na ce ina sunan leburorin? Dariya ya yi.

Muna tsakiyar gadar tafinta ya ce, "Injin nan naku, mutum uku sun ishe shi."

Na ce, "Mu goma sha biyar ne fa a layinmu."

Manaja ya harare shi, ya jawo ni gefe. "Kai kana cikin ukun. Amma wani ya ji, ya ajiye mini aiki kafin inji ya iso, na san bakinka ne. Da kai zan fara."

Sun yi gaba suna ɗaukar hoto, wayata ta yi ƙara. Malam Iliya ne, babban layinmu, wanda ya kama hannuna ya kai ni kamfanin tun ban san kan inji ba.

"Sabi'u, an yi mini tayin aikin sito a Bompai, gobe suke son amsa. Ana cewa in sabon inji ya zo za a ƙara mana albashi. Kai da ka gani, in tafi ko in jira?"

Jirgi ya taho, gadar na girgiza. Na tuna matata da tsohon ciki a Panshekara. Na ce, "Malam, ku jira."

Wallahi haka na ce, ba wanda ya sa mini wuƙa.

Ya jira. Inji ya iso, aka sallami su Malam Iliya, su goma sha biyu, ran Juma'a, ko sannu babu. Na Bompai kuwa tuni sun ɗauki wani. Ni ma shekara guda na ƙara, na koya wa wasu biyu masu arha, aka nuna mini ƙofa. Haushin manaja nake ji har gobe, amma bai kai haushin kaina ba.

Kun san mai shayin nan na bakin tashar Panshekara, mai furfura? Malam Iliya ne. Har yau bai san cewa na san za a sallame su ba. Duk ranar da na zauna a bencinsa sai ya ƙara mini madara, ya dubi mutane ya ce, "Wannan ƙanena ne, har ƙasar waje ya je."